MOTA DA HANYA: Mota Ruwa-Biyu Da Jan Ɗakin Tafi-Da-Gidanka

A wannan mako za mu ɗan bar hanyoyinmu na gida da ramukansu mu leƙa Ingila, saboda wata takarda da ta iso wa wannan fili daga wani ɗan'uwanmu da ke aikin jinya a can. Da farko na so in ba shi amsa shi kaɗai in huta, amma da na sake karanta takardar sai na ga kuskuren da yake gab da tafkawa irin wanda mu ma nan muke yi ne kullum.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Maƙwabtansa Turawa, da zarar sanyi ya wuce an ba yara hutu, sai su ɗaura wani ɗan ɗaki mai taya a bayan mota, su nufi bakin teku su yi mako guda ko biyu. Yaransa uku sun gani sun ƙyasa, uwarsu kuma ta goya musu baya, shi kuwa maigida da ya lissafa kuɗin hotal na mutum biyar sai ya ga maganarsu tana kan hanya. Ya sami wani ɗakin na hannu, har ya ba da kafin alƙalami, saura ya cika. Nauyin ɗakin idan an cika shi da kaya kilo 1,350 ne. Motarsa kuwa Toyota RAV4 ce ƙirar 2019, irin mai aiki da fetur da lantarki, nauyinta wajen kilo 1,650. Wani abokin aikinsa ya koya masa lissafin kashi 85 cikin 100, ya buga, ya ga ɗakin bai kai iyaka ba. Tambayarsa ita ce, ya cika kuɗin ko kuwa?

Malam, kada ka cika tukuna. Dalili yana tafe, amma bari in fara fahimtar da mutanen gida abin da muke magana a kai, don kada mu bar su a baya.

Shi wannan ɗaki Turawa suna kiransa karaban. Kalmar asalinta ta Farisa ce, ma'anarta ayari, watau dai irin wanda kakanninmu suka riƙa bi zuwa Gwanja neman goro. Ɗaki ne sosai, da gadaje da murhu da firji da ɗan makewayi, yana tsaye bisa taya biyu ko huɗu, ba shi da injin kansa sai an ja shi. Na farko da aka ƙera domin yawon shaƙatawa kurum an yi shi ne a 1885 don wani likita marubuci mai suna William Gordon Stables, dawakai ne kuwa suke jansa. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiya, wadda a yau ake kira Caravan and Motorhome Club, kuma daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne lissafin da aka koya wa ɗan'uwanmu ya fito.

Ita kuma motar, dillalai suna ce mata haibirid, mu kuwa a wannan fili mun saba ce mata ruwa-biyu, tun da yake injin fetur da injin lantarki ne suke taimakon juna a cikinta. Toyota ce ta fara fito da ita kasuwa da yawa a 1997, da motar nan Prius. Yau sun kasu uku. Akwai wadda lantarkinta ɗan kaɗan ne, taimakon tashi kawai yake yi wa injin fetur, ita wannan wajen ja ba ta da wani bambanci da motar da muka sani. Akwai wadda ke cika batirinta da kanta tana tafe, kamar ta ɗan'uwanmu. Sa'an nan akwai mai babban batir wadda ake jonawa da wutar gida. Shekara da shekaru masu karaban a Ingila motar dizal suka dogara da ita. To, a 2025 gwamnatinsu ta tabbatar da cewa daga 2030 za a daina sayar da sababbin motoci masu fetur ko dizal zalla, ruwa-biyu kuwa an ɗaga mata ƙafa zuwa 2035. Shi ya sa tambayar ɗan'uwanmu ta zama tambayar mutane da yawa a can.

Lissafin kashi 85 ga yadda yake. Aka ce wanda bai goge da ja ba, kada nauyin ɗakinsa cike da kaya ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motarsa ba kaya, wanda ya ƙware kuma yana iya kaiwa daidai nauyin motar, amma kada ya wuce. Hikimar a fili take. Ranar da iska ta bugi ɗakin daga gefe, ko babbar mota ta gifta da gudu, wanda ya fi nauyi a cikinsu shi zai juya ɗan'uwansa. Kashi 85 na kilo 1,650 ya kama kilo 1,400 da ɗoriya, saboda haka lissafin ɗan'uwanmu daidai ne, ban kama shi da kuskuren ko kilo ɗaya ba. Amma fa wannan shawara ce ta ƙungiya, kuma magana ɗaya take yi, watau ko motar tana da nauyin da za ta riƙe ɗakin a kan hanya. Ba ta ce komai ba game da ko cikin motar zai jure wa aikin.

Wanda ke da wannan magana ta biyu shi ne kamfanin da ya ƙera motar, maganarsa kuwa ita doka take bi. A jikin motocin da ake sayarwa a Turai akwai wani ɗan allo, galibi a bakin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet, mai lambobi huɗu na nauyi. Na farko iyakar nauyin motar da mutanenta da kayanta. Na biyu iyakar nauyin motar haɗe da abin da take ja. Sauran biyun na ƙafafun gaba da na baya ne. In ka debe na farko daga na biyu, ka sami kimanin abin da aka yarda ta ja, littafin motar kuma zai faɗa maka adadin sosai. In kuwa gurbin lamba ta biyu fayau yake ba a rubuta komai ba, to, wannan mota ba a yarda ta ja ko amalanke ba. Kafin kamfani ya rubuta adadi a Turai sai motar ta ci jarrabawa, a ciki har da tashi daga tsaye sau 5 cikin minti 5 a kan hawan da tsayinsa ya kai kashi 12 cikin 100, da kayan a ɗaure a bayanta.

To, a nan ne gizo yake saƙa. RAV4 ruwa-biyu ta 2019 da ake sayarwa a Turai iri biyu ce, kuma in ka ajiye su gefe da gefe ba ka bambanta su sai ka karanta rubutun baya. Ɗaya ƙafafun gaba kaɗai ke janta, iyakar abin da aka yarda ta ja kilo 800. Ɗayar tana da ƙarin injin lantarki a ƙafafun baya, ita an ba ta kilo 1,650. Kama da wane ba ta wane. Ɗan'uwanmu bai faɗa mini wadda yake da ita ba, na kuma yi zaton shi kansa bai san tambayar tana da muhimmanci ba. In mai ƙafa huɗu ce, ɗakin ya dace da ita ta kowace fuska. In mai ƙafa biyu ce, ya haye iyaka da kilo 550, ya karya doka tun daga ƙofar gidansa, in kuwa wani abu ya faru a hanya kamfanin inshora yana da hujjar da zai zame ya bar shi da bashin motar wani, ban da abin da ya fi kuɗi, watau yara uku a kujerar baya.

Mai karatu zai ce, mota mai nauyi haka, mai inji biyu, me zai hana ta ja? Zafi ne. A motar da muka saba da ita injin fetur da giya ne ke shan wahalar ja, makanikai kuma sun daɗe da sanin yadda ake sanyaya su. A ruwa-biyu ƙarfin yana ratsa injinan lantarki, da wata na'ura mai juya wutar batir zuwa irin wadda injinan ke ci, da shi batirin kansa, kowannensu kuma yana da iyakar zafin da zai ɗauka. An auna sanyayarsu ne da nauyin motar da fasinjojinta, domin abin da aka sa gaba wajen ƙera ta shi ne tsimin mai. Prius ta yi zubi uku cur ba a yarda ta ja komai ba, sai a zubi na huɗu da ya shiga kasuwar Turai a 2016 aka ba ta kilo 725, wanda bai kai nauyin yawancin karaban ba.

Mai jona wuta kuma tana da nata tarkon. Batirinta babba ne, ya ƙara mata nauyi ƙwarai, sai lissafin kashi 85 ya fito da adadi mai faranta rai. Ɗauki Mitsubishi Outlander mai jona wuta, wadda ta yi farin jini a Ingila. Nauyinta ya kusa kilo 1,900, lissafi zai ce maka kana iya jan wajen 1,600, alhali kuwa kamfanin ya tsaya a 1,500. Kullum ƙaramin adadin ake bi. Har ila yau, wutar da za ta kai mutum aiki ta dawo da shi a cikin gari, da an ɗaura ɗaki a baya nan da nan take ƙarewa, daga nan injin fetur ne zai ja motar da ɗakin da shi batirin da ya koma kaya. Wanda ya gwada motar a mil goman farko ya ji ta kamar doki, kada ya yanke hukunci sai ya gwada ta a doguwar hawa bayan batir ya yi ƙasa.

Kada a ce na kushe ta ɗungum. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, saboda haka tashi a kan tudu da kaya a baya ya fi sauƙi, babu kuma kulocin da za a ƙone. Duk wanda ya taɓa jin warin kuloci a gosulo ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

In an gama da zaɓen mota, saura lodi, nan kuwa duk ɗan ƙauyen da ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya fi ɗan boko fahimta. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai kan tayoyin ɗakin, marasa nauyi su hau sama, hagu da dama su yi daidai. Babban kuskure shi ne jibge nauyi a can ƙarshen baya. Dole hancin ɗakin ya danna ƙugiyar motar da nauyin da ya kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinsa, watau a ɗakin ɗan'uwanmu tsakanin kilo 68 da 95, muddin bai wuce iyakar da aka rubuta wa ƙugiyar ba. In hancin ya yi sakayau ɗakin zai riƙa lilo, in ya yi nauyi da yawa zai danne bayan motar ya ɗaga gabanta, sitiyari ya yi sako-sako. Aunawa ba ta da wuya. Sikelin da ake hawa a gida da guntun katako a tsaye ƙarƙashin hancin sun isa. A tuna kuma wannan nauyi yana shiga cikin lissafin kayan da motar ke ɗauka, ruwa-biyu kuwa batir ya riga ya cinye wani kaso na wannan lissafi. Mutum biyar da akwatunansu da buhun shinkafar da na tabbata uwargida ba za ta bari a gida ba, sai a auna.

A kan hanya abin da na fi jin tsoro shi ne gangara. Ruwa-biyu idan aka saki totur ko aka taɓa birki kaɗan, injin lantarki ne ke rage gudun, yana mai da shi wuta yana zuba wa batir. Direba sai ya saba da wannan riƙo. To, a doguwar gangara batir yakan cika, in ya cika babu inda za a zuba wutar, riƙon sai ya ragu, aikin ya koma kan birkin ƙafa, ga kuma fiye da tan guda yana turowa daga baya. Maganinsa tun daga saman gangara a rage gudu, a sa giyar riƙo, wadda a wasu motocin harafin B ne, a wasu kuma akan sauko da lamba da hannu, don injin fetur ya taya riƙewa. Kada a kuskura a sa ta a furi. Shi ɗakin yana da birkinsa da ke kamawa idan ya turo motar, da wata 'yar waya da ke ja masa birki in ya tsinke, a duba su kafin kowace tafiya.

In lilo ya fara, mutum ya ga ɗakin a madubi yana kai gwauro yana kai mari, zuciya za ta ce a taka birki da ƙarfi ko a bi shi da sitiyari. Duka biyun ƙara shi suke yi. A ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari sak, a bar gudun ya sauka da kansa. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, ruwa-biyu irin ta Toyota ba ta da giyar ribas irin wadda muka sani, injin lantarki ne ke mai da ita baya. Tura ɗaki da baya zuwa kan tudu a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa bayan batir ya yi ƙasa, aiki ne da gara a kauce masa tun wajen zaɓen masauki.

Dokokin Ingila a kan wannan ba su da yawa. Mai ja ba ya wuce mil 60 a awa a manyan hanyoyi masu raba hannu, mil 50 a sauran na bayan gari, ba ya kuma shiga layin ƙarshe na masu gudu a babbar hanya mai layi uku. Sai ya ƙara dogayen madubai da za su nuna masa bayan ɗakin. Tirelar da ba ta da birkin kanta ba ta wuce kilo 750. Tun daga 16 ga Disamba 2021 an soke jarrabawar musamman da ake yi kafin jan irin wannan nauyi, abin da ni a ganina sauƙi ne mai haɗari, domin lasin ya ba mutum izni amma bai koya masa komawa da baya ba. Ƙungiyoyin nan suna ba da horo na kwana ɗaya ko biyu, kuɗinsa bai kai na gyaran bamba ba.

Yanzu mu dawo gida. Karaban bai zama ruwan dare a ƙasar nan ba, amma ruwa-biyu tana zama. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa, mutane suka fara tambayar dillalai motar da ba ta shan mai. Mu kuwa ja ba baƙonmu ba ne. Muna jan janareta, muna jan tankin ruwa, muna jan kayan kiɗa zuwa wajen biki, ƙugiyar kuma mai walda ne ya liƙa ta da ido, babu wanda ya buɗe littafi. Yawancin tokumbo daga Amurka suke zuwa, adadinsu kuwa daban yake da na Turai. RAV4 ruwa-biyu ta 2019 ta Amurka an ba ta abin da bai kai kilo 800 ba, Camry kuwa littafinta cewa ya yi kamfanin bai ba da shawarar a ja tirela da ita ba. Ga zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ke haura 40 a ma'auni, ga ƙurar hunturu da ke toshe 'yar kafar da batir ke shan iska ta wajen kujerar baya. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos, ya sake karanta abin da na faɗa game da gangara. Mai walda kuma a gaya masa wayoyin nan masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, ba wurin kai wuta ba ne.

Akwai kuma ɗabi'armu ta zumunci, mota ta mutu a hanya a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa gareji. Ruwa-biyu ba a yi mata haka. Idan ƙafafun da ke haɗe da injin lantarki suna juyawa a ƙasa, injin yana haifar da wuta ko da motar a kashe take, wannan kuwa yana iya lalata kayan da kuɗinsu ya ninka na janwe sau da yawa. A nemi janwen da zai ɗauke ta ɗungurungum.

Kai kuma ɗan'uwa da ke Ingila, yau ɗin nan ka fita ka duba allon da ke bakin ƙofar motarka, ka buɗe takardar rajista ka ga adadin da aka rubuta. In ka ga 1,650, cika kuɗinka, amma a kai ɗakin ma'auni bayan an yi lodi, domin ɗakin hannu yakan zo da ƙarin kayan da mai shi na farko ya sa. In ka ga 800, koma wurin mai ɗakin da lalama ka nemi kafin alƙalaminka, ko da zai riƙe wani abu a ciki. Kilo 800 zai ja tirela mai tanti a naɗe, wadda ke ɗaukar mutum biyar ɗin. In kuwa yaran sun kafe sai ɗaki mai gado da firji, a bakin tekun nan akwai waɗanda aka girke wuri ɗaya ana ba da su haya mako-mako, sai ku tafi da motarku ba komai a bayanta. Ka rubuto mana wanda ka gani. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake gane lafiyar batirin ruwa-biyu kafin a biya dillali.